Alamar Jan Farce

Mijina ba mahaukaci ba ne. Da wannan nake fara labarin nan kullum, don na lura duk wanda na ba shi, kafin in kai rabi ya fara yi min wani irin kallo, kamar zai ce, "Ke kuma ina hankalinki yake?" Mutum ne mai taka-tsantsan har abin ya yi yawa. Shi ne zai kai bakin titi ya dawo don ya duba ko an zare dutsen guga, alhali shi da kansa ya zare ina kallo. Gyaran lasifika da amfilifaya, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sauti, shi ne sana'arsa, shekara goma sha tara yana yi. Duk layinmu Injiniya ake ce masa, har ni ma bakina ya saba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan wani bene, bango ɗaya da mai kemis. Mai kemis ɗin ya rantse in aka sake gwada babbar lasifika a wurin sai an ji kansu, don kwalaben maganin tarinsa har tafiya suke yi a kan kanta. Shi ke nan falonmu ya zama ɗakin gwaji. Duk abin da ya gyara a shago, gida yake ɗauko shi ya jona da tsohuwar amfilifayarmu.

Ga yadda yake aikinsa. Sai ya kunna, ya murɗa maɓallin murya sama, ya durƙusa ya kai kunnensa dab da bakin lasifikar, ya rufe ido. Wani ɗan zirr yake nema da ke ɓuya a ƙarƙashin kiɗa, wanda ni ko za a yanka ni ba zan ji ba. Yakan ce, "Lasifika ba ta faɗin ciwonta sai an matsa mata." Da kunnen nan ya yi suna. Daga nesa mutane suke ɗauko kayansu su kawo masa, wai shi kaɗai ke jin abin da sauran masu gyara ba sa ji.

Watanmu biyu da aure na yi masa tawaye, na ce ko ni ko lasifika. Bai yi musu ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jan farcena sabo fil, ya zo ya ɗiga ɗigo ɗaya a fuskar amfilifayar, a gefen maɓallin murya.

"Kin ga nan?" ya ce. "Daga nan zuwa ƙasa na gida ne, lafiya lau, ko jariri ba abin da zai same shi. Daga nan zuwa sama na aiki ne. In zan wuce alamar zan faɗa miki, ki shiga ɗaki ki ja ƙofa."

Kuma wallahi ya cika alkawari. Bai taɓa wuce ɗigon nan ba sai ya faɗa min. Ni tela ce, kekena yana lungun da ke tsakanin falo da kicin, da ƙarar keke da kiɗan falo na wuni, har na zama in gida ya yi shiru sai in ji kamar na manta wani abu a wuta. In na so kiɗa, sai in murɗa maɓallin har ɗan layin jikinsa ya haɗu da ja, in tsaya. Lambobin da ke zagaye da maɓallin sun daɗe da gogewa, ja ɗin kawai nake kallo.

Sai da muka shekara bakwai kafin Allah ya ba mu haihuwa. Wanda bai yi jiran nan ba ba zai gane ba, ni kuma ba zan tsaya bayani ba. Mace ce. Wata ukun farko ta yi mana kuka kamar an aiko ta, ba goyo, ba jijjiga, ba abin da ke sa ta yi shiru. Wata rana Injiniya ya kunna kiɗa yana riƙe da ita a kafaɗa, bugun nan mai nauyi da ke sa gilashin taga rawa, kafin waƙar ta ƙare ta yi barci. Muka kalli juna, mun tsinci dami a kala. Daga ranar 'yar katifarta ta koma falo, gindin babbar lasifikar hagu, wadda ta kusa kai min ƙirji. Barcin safe a nan, barcin rana a nan. Ni nake shimfiɗa ta da hannuna, ni nake murɗa maɓallin zuwa alama.

Kakarta, uwar Injiniya, ita ta sa mata Shiru-shiru, don ko ƙofa iska ta buga ba ta firgita. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Kai, wannan 'ya akwai haƙuri." Ni kuwa in ta washe baki kamar ni na koya mata.

Mutum ɗaya ce ba ta yabon gidanmu, maƙwabciyarmu Maman Tagwaye, wadda bangon ɗakinta ke jingine da falonmu. Wata rana ta ƙwanƙwasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu.

"Maman Shiru, don Allah a ɗan rage mana. Bana fa ya fi bara, bara ma ya fi waccan."

"Ai mu da alama muke aiki," na ce. "Shekara takwas ba mu taɓa canja ta ba. Ko dai kunnenki ne ya ƙara kaifi?"

Da dariya na faɗa, amma irin dariyar nan mai haƙori. Ta ce, "To, Allah ya ba da haƙuri," ta juya. Da Injiniya ya dawo na ba shi labari muka yi ta dariya, har na ce ƙyashi ne, don rediyonta ko tari aka yi ba a jin sa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar wata Talata da hantsi abin ya faru. An ɗauke wuta tun safe, gidan ya yi tsit har ina jin ɗigar famfon kicin. Shiru-shiru tana da wata goma sha ɗaya, ba ta daɗe da tashi daga mura ba. Tana zaune a ƙasa ta ba ni baya, tana wasa da kwarkwaron zare, ni kuma ina yankan yadi a kan tebur. Babban almakashina na ƙarfe, mai nauyi, ya zame ya faɗi a kan tayil, taku biyu daga bayanta. Ni da na ga faɗuwarsa sai da na zabura. Ita ko gezau.

Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Na kira ta a hankali, yadda nake kiranta in zan ba ta nono. Ta ci gaba da mirgina kwarkwaro. Na ƙara murya. Na tafa hannu sau ɗaya, sau biyu. Sai da na ƙwalla kiran da ya ƙona min maƙogwaro sannan ta ɗan karkato kai, ba ma ta gefen da nake ba, ta ɗaya gefen. Na zagayo gabanta, da ta gan ni ta ɗago hannu biyu ta ƙyalƙyale da dariya.

Dariyar nan ita ta kashe min jiki. Na zauna a ƙasa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba, ko ranar haihuwarta ban ji haka ba. Duk ƙofofin da suka buga ba ta firgita ba suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Na tuna tagwayen maƙwabciyata a wata goma sha ɗaya sun ishi kowa da "ba-ba" da "da-da," ita kuwa tawa sai ɗan gurnani da murmushi. Na ɗaga kai na kalli lasifikar hagu da 'yar katifar da ke gindinta.

Ko mayafi ban ɗauka ba na suri yarinya na faɗa gidan Maman Tagwaye. Matar nan da na yi wa rashin kunya ba ta ce min "ai na faɗa miki" ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ta zaunar da yarinyar a cinyata, ta zagaya baya da makullan gidanta, ta kaɗa a gefen dama, ta kaɗa a gefen hagu. Ina kallon idon 'yata, ina roƙon Allah ko ƙiftawa ta yi. Ba ta yi ba.

"Kira Babanta," in ji Maman Tagwaye. "Ku tafi asibiti yanzu, kar ki tsaya tambayar kowa. Ga mayafina."

Sau huɗu na kira shi bai ɗauka ba. A na biyar ya ɗauka, wai wayar tana aljihunsa bai ji ba. Na zazzaga masa abin da ya zo bakina. Kafin mu kai bakin titi ya iso a guje, da ƙarfen dalma na liƙa waya a hannunsa, ya manta bai ajiye ba.

Likitar kunnen 'yar ƙaramar mata ce mai gilashi, muryarta a ƙasa-ƙasa. Ta leƙa kunnen yarinyar da 'yar fitila, dama da hagu, ta sa mata wani abu mai roba a ciki tana kallon allo. Ta tambayi haihuwa, ta tambayi zazzaɓi, ta tambayi ko akwai kurma a dangi. Sai ta ce, "A ina take barci? Akwai ƙara a gidan?"

Na kalli Injiniya. Ya ce, "Na'am?"

Ta maimaita.

"Akwai kiɗa," ya ce, "amma likita, muna da alama. Ba a taɓa wuce ta ba in yarinyar tana falo. Aikina ne, na san abin da ya yi yawa."

"Da me ka auna alamar?"

"Na'am?"

Na zungure shi da gwiwar hannu, don a zatona ruɗewa ce. Na ce da ƙarfi, "Wai da me ka auna!"

"Da kunnena," ya ce, har da ɗan ɗaga kafaɗa. "Shekara goma sha tara."

Likitar ta dube shi ta saman gilashi, ta ɗan jima, sannan ta juyo gare ni. "Maman yarinya, in an kai alamar nan, ke da shi kuna tsaye tsawon hannu ɗaya a tsakaninku, kuna iya magana kamar yadda nake yi yanzu, ku ji juna?"

Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai na fasa. Yaushe rabon da in yi magana a falon nan ba da ihu ba? Na ɗauka halinmu ne, gidan masu babbar murya. Har surukata takan yi mana tsiya, wai mu hirarmu ma kamar faɗa.

"Ba ma iyawa," na ce.

"To wannan ya yi yawa ko ga babba," ta ce. "Ba ƙarfin ƙarar kaɗai ke yin ɓarna ba, har da daɗewa a cikinta, da yadda mutum ya kusance ta. Ku sa manhajar auna ƙara a waya, ba ta kai na'urarmu ba amma za ta ba ku haske. Ku ajiye wayar daidai inda kanta yake kwanciya. In ta haura tamanin, ko ku bai kamata ku riƙa wuni a ciki ba, balle ita."

Sannan ta faɗa mana abin da ta gani. Akwai ruwa a bayan dodon kunnen yarinyar, duka biyun, ragowar murar da ta yi. Wannan kaɗai yana iya toshe ji, kuma yawanci yakan janye da kansa. Na fara sauke ajiyar zuciya, ta ɗaga min hannu.

"Ba zan ce miki shi kaɗai ne ba. Can ciki, inda ƙara ke yin ɓarna, sai ruwan ya janye zan iya aunawa yadda hankalina zai kwanta. Ku dawo bayan sati uku, ranar Talata."

"In can cikin ne fa?"

Ba ta yi min kwana-kwana ba. "Wannan in ya tafi ba ya dawowa. Akwai taimako, akwai na'ura, amma ba ya dawowa."

Muka kamo hanyar gida. Da muka iso an kawo wuta. Na miƙa wa Maman Tagwaye yarinyar na ce ta shiga da ita can ɗakin ƙurya. Na sa manhajar a wayata, na ajiye ta a kan 'yar katifar, daidai inda kan ya lotsa auduga. Na kunna waƙar barcinta, na murɗa maɓallin da hannuna zuwa ja, na tsaya cak kamar kullum.

Lambar ta yi ta hawa. Ta wuce tamanin ko waiwaye ba ta yi ba, ta je casa'in da huɗu tana rawa a wurin. Injiniya yana tsaye kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa shi, na ga bakinsa yana motsi amma ban ji me ya ce ba.

Na kashe. Na fizge wayoyin baya, na ɗauki amfilifayar da niyyar in kai ta waje, ko in jefa ta bola, ni ma ban sani ba. Nauyinta ya sa na dire ta a kan tebur gindin taga. Shekara takwas tana cikin inuwar kantar falo, ranar ce rana ta fara haska fuskarta sosai a gabana. A ƙasan ɗigon ja na ga wani ɗan tabo, inda aka kankare wani abu da reza. A ƙasansa wani. Na bi su da farce ina ƙirgawa, sun jeru a gefen maɓallin. Biyar ne, kuma a cikin na can ƙasa har yanzu akwai ɗan burbushin ja mai duhu, kalar da na daina saye tun shekarar aurenmu.

"Injiniya," na ce, "mene ne wannan?"

Ya matso ya duba. Ko ɓoyewa bai yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ai gyara nake yi," ya ce. "Amfilifayar ta tsufa, ƙarfinta yana raguwa. Duk shekara ko biyu sai in ji muryar ta yi ƙasa, sai in ɗan matsar da alamar don ta dawo daidai inda take tun farko. Ƙarar ɗaya ce, wurin ɗigon ne kawai ya canja."

"Ƙarar ɗaya ce?"

"Ɗaya ce wallahi. Da kunnena nake daidaita ta."

"Maman Tagwaye ta ce bana ya fi bara! A bakin ƙofar nan ta faɗa, muka yi mata dariya!"

Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zan maimaita ba. Na kira shi sunayen da mace ba ta kiran mijinta. Na ce shekara bakwai na jira 'yar nan, shi kuma ya kashe mata kunne da taurin kansa. Yana tsaye da hannu a sake. Sai da na gaji na zauna sannan na tuna wa yake shimfiɗa ta a gindin lasifikar, wa yake murɗa maɓallin safe da rana. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa. Kukan da na yi daga nan na kaina ne.

Washegari ya kira mai kura aka kwashe manyan lasifikun aka kai bayan shago. Inda suka tsaya shekara da shekaru tayil ɗin ya fi sauran haske. 'Yar katifar na mayar ɗaki. Kwana uku yarinyar ta yi tana rigimar barci, ta saba da bugun nan a jikinta, ni kuma in goya ta in yi ta zagaye falo ina mata waƙa a hankali, ban san ko tana ji ba ko iska nake yi wa.

Sati ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ɗinkin mutane ya taru na kasa taka keke, ina tsoron ƙararsa. Na zama kamar mai taɓin hankali, in laɓaɓa bayan 'yata in kaɗa cokali a kofi, in murza leda, in raɗa sunanta. Wani lokaci ta juyo, zuciyata ta yi tsalle, sai in ga ashe inuwata ta gani a bango. Wani lokaci ba ta juyo ba, in shiga banɗaki in kunna famfo don kar a ji kukana. Wata rana a tashar mota na ga wata mata tana magana da ɗanta da hannu, yaron yana dariya yana mayar mata. Na tsaya ina kallon yatsunsu har motata ta tafi ta bar ni. Da na dawo gida na kama kaina a gaban madubi ina gwada yadda zan ce "zo ki ci abinci" ba da baki ba.

Ni da Injiniya gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ko ita ma da ƙarfi muke yin ta, don baki ya riga ya saba, sai in ji muryata ta cika falon da ba kowa, in ji kunya. In na sassauta murya kuma sai ya ce, "Na'am?" in ɗauka yana yi ne don ya ja ni da magana, in yi banza da shi. Ya rame. Yakan zauna ya ɗora yarinyar a cinya ya yi ta kallon kunnuwanta, yana shafa su da yatsa ɗaya.

Ranar Asabar, saura kwana uku mu koma asibiti, ya dawo da rana da ɗan aiki a leda. Ya nuna min tun daga bakin ƙofa, kamar mai neman izini. 'Yar ƙaramar lasifika ce, ba ta fi tafin hannu ba, irin wadda ke saman akwatin babbar lasifika, mai fitar da siririn sauti.

"Ba kiɗa zan sa ba," ya ce. "Ɗan fito ne kawai daga waya, a can ƙasa. Ko ke ba zai dame ki ba."

Na ce ya yi. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa ya baje kayansa a kan jarida. Ni ina lungun keke ina warware wani ɗinki. Shiru-shiru tana tsakiyar falo, ta ba mu baya mu duka, tana fama da murfin roba.

Na ji warin dalma. Can sai na ji wani ɗan fito siriri, kamar na sauro, ya taso ya tsaya. Ya ɗauke. Injiniya ya yi tsaki, ya sake kama ƙarfen dalma. Bayan ɗan lokaci fiton ya dawo.

"Ta mutu," ya faɗa wa kansa. "Sau biyu ina canja mata waya, ko uffan."

Na ɗago kai zan yi magana, sai idona ya faɗa kan yarinyar. Ta daina buga murfin. Hannunta yana sama, ta tsaya da shi. A hankali ta juyo da kai, ba ta gefena ba, ta gefen ƙofa, daidai inda fiton ke fitowa. Ba inuwa a bango, ba wanda ya motsa. Ta saki murfin, ta kifa, ta rarrafa kai tsaye zuwa wurin ubanta, ta miƙa hannu za ta cafke 'yar lasifikar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji kaina ina cewa, "Ta ji! Wallahi ta ji! Alhamdu lillahi, ta ji!" Na durƙusa na rungume ta ina kuka ina dariya, ita kuma tana ta zillo tana son abin da ke fito. Siririn sautin nan da ni ma da ƙyar nake kama shi, daga tsakiyar falo ta ji shi, ta baya.

Injiniya ya riƙe kafaɗata, fuskarsa ta cika da murna, idonsa ya kawo ruwa.

"Ta ji? Kin tabbata? Me ta ji? Kiranta kika yi?"

"Fiton mana! Lasifikar!"

"Wane fito?"

Na sassauta riƙon da na yi wa yarinyar. Har lokacin sautin yana tashi daga kan jarida, tsakanin gwiwoyinsa. Murnar da ke ƙirjina ba ta tafi ba, amma wani sanyi ya shigo ta ƙarƙashinta. Wayar da ta yi ta ringi a aljihu, da "na'am" biyu a gaban likita, da kallon da ta yi masa ta saman gilashi, da tabo biyar a fuskar amfilifaya, duk suka zo min lokaci ɗaya. Amfilifayar nan lafiyarta ƙalau.

"Tana yi," na ce. "Tun ɗazu take yi. Tun gwajin farko."

Ya ɗauki 'yar lasifikar ya kai kunnen dama, ya rufe ido, yadda na sha ganin yana yi. Ya jima. Ya mayar hagu. Ya manna ta sosai har gefenta ya yi masa shaida a kunci. Na ga hannunsa ya tafi wajen wayar zai ƙara murya, sai ya kalli yarinyar ya janye.

Ya ajiye lasifikar a ƙasa. Ya danna wayar, fiton ya ɗauke, Shiru-shiru ta kalle shi tana neman inda abin ya shiga. Ya sake dannawa, ta juya da sauri ta kalli lasifikar ta yi dariya. Ya kashe. Ya kunna. Ba lasifikar yake kallo ba, fuskar 'yarsa yake kallo, don ta nan kawai yake gane ya kunna ko bai kunna ba. Sau shida ya yi haka ina ƙirgawa.

Sannan ya kashe gaba ɗaya, ya fara naɗe wayoyinsa a hankali, bai ɗago kai ba.

"Maman Shiru," ya ce, da babbar muryar nan tasa da ta cika falon, "ranar Talata ki yanki kati biyu."